Sabbin magungunan sankarar mama: a gaya wa dangi gaskiya kafin a sayar da gona

Duk lokacin da aka buɗe gidauniyar neman taimako a Facebook don wata baiwar Allah mai sankarar mama, za ka ga an rubuta cewa likita ya ce akwai sabon magani, kuɗi kawai ake jira. Ba na zargin niyyar kowa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yawancin masu tara kuɗin, har da miji da 'ya'ya, sun ɗauka warkewa za a sayo.

Idan cutar ta bar mama ta shiga ƙashi ko hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa, wato mataki na 4, likitoci ba sa alƙawarin kawar da ita. Aikin magani a nan shi ne ya danne ta, ya rage raɗaɗi, ya ƙara kwana da yardar Allah. Haka abin yake har a Amurka da Ingila.

Ga maganin eribulin, wanda Amurka ta amince da shi a 2010, aka kwaikwayi sinadarinsa daga wani soson teku na gaɓar Japan. A babban gwajin da aka yi masa, matan da suka karɓe shi sun rayu wata 13.1, waɗanda aka ba sauran magunguna wata 10.6. Trodelvy ya fito a 2020 don nau'in nan mai taurin kai da ba ya jin maganin homon (sinadarin jiki da ke ciyar da wasu nau'o'in cutar) kuma ba shi da HER2, wata alama da ake samu a kan ƙwayar cutar, ya ba da wata 12.1 a kan 6.7. Shi kuwa Enhertu, da aka karanta sakamakonsa a taron likitocin sankara a Chicago a 2022, zauren gaba ɗaya miƙewa ya yi ana tafi, saboda wata 23.4 a kan 16.8. Waɗannan lissafin tsaka-tsaki ne: rabin matan sun wuce haka, wasu ma da nisa, rabi ba su kai ba.

Kada wani ya ce to mene ne wata shida. Wanda bai yi jinya ba ne ke faɗin haka. Wata shida azumi ne da salla, auren 'ya ne da uwa za ta zauna a ciki da ƙafarta. Hikimar magungunan ma abin jinjinawa ce. Tsohon kemo, irin jan ruwan nan doxorubicin da ke zubar da gashi yana kuma iya taɓa zuciya, duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa yake kai wa duka. Su Enhertu da Trodelvy kuwa an ɗaure dafin ne a jikin wani sinadari mai neman alamar da ke kan ƙwayar cutar, kamar ɗan aike da ya san ƙofar gidan da aka tura shi.

Amma fa sai in alamar tana nan. A nan ne muke tuntuɓe. Kafin a zaɓi magani dole a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji a ga ko cutar tana jin homon, ko tana da HER2, da yawa ko kaɗan. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta ya nuna nau'in da ba ya jin homon ya yi yawa a matan Afirka ta Yamma. Duk da haka sai ka ga dangi na ƙyashin kuɗin wannan gwaji, alhali sun shirya zubar da miliyoyi a kan allurar da ƙila ba ta dace da maras lafiyarsu ba. Enhertu ɗin da ake yabo yana iya kumbura huhu har ya kai ga rasa rai, don haka mai karɓarsa na buƙatar hoton ƙirji a kai a kai. Kuma ba allura ɗaya ba ce, duk sati uku ake komawa muddin yana aiki. Wanda ya tara kuɗin zagaye biyu kacal, me zai yi a na uku?

Ni a ganina an raina capecitabine. Tun 1998 yake, ƙwaya ce da ake haɗiya a gida, sati biyu a sha, sati ɗaya a huta, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015. Yana da nasa wahalar: tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su tsage, har mace ta kasa murza murfin gora, ga gudawa. Sai dai ga matar da ke ƙauye mai nisa da asibitin koyarwa, ƙwayar da za ta sha a ɗakinta da kulawar likita na iya fi mata allurar da za ta cinye gonar marayu.

Likitocinmu, don Allah ku zaunar da dangi ku yi musu bayani da Hausa: wannan magani me ake fata ya yi, zagaye nawa, nawa ne jimilla, me zai faru in an tsaya a tsakiya. Dangi kuma ku daina fitar da maras lafiya waje in za a yi wannan magana, kuna cewa kar hankalinta ya tashi. Jikinta ne za a ɗura wa maganin, kuma sau da yawa gadonta ne ake shirin sayarwa.