Kun ce olsa ce, yanzu kuma mu za mu kawo hujja?

Sau biyu muka kai ƙanwata asibiti ɗaya cikin kwana uku, sau biyun aka sallamo mu da maganin olsa. A rana ta huɗu aka buɗe cikinta a wani asibitin, aka tarar afendis ta fashe, mugunya ta bazu ko'ina. Yau wata goma sha huɗu ke nan, kuma har yanzu babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka duba ta da ya buɗi baki ya ce mana sun yi kuskure. Wannan shirun nasu ya fi komai ci mini rai.

Ciwon ya fara mata ne da dare, a wajen cibiya. Ta kasa cin komai, ta yi amai sau biyu. Likitan farko bai yi minti biyar da mu ba. Idonsa na kan kati, hannunsa na kan biro. Ya tambaye ta ko tana da olsa, ta ce an taɓa faɗa mata haka shekarun baya. Shi ke nan, magana ta ƙare. Bai ce ta hau gado ba, bai ɗora hannu a cikinta ba.

Da muka koma, ciwon ya bar cibiya ya sauka ƙasan ciki ta dama, ga zazzaɓi. A duƙe take tafiya, a mota kuwa duk ramin da taya ta faɗa sai ta yi ƙara ta riƙe hannuna. Da yatsa ɗaya ta nuna wa likita na biyu wurin. Ciwon da ya tashi daga cibiya ya koma ƙasan dama, da zazzaɓi da amai da rashin son abinci, wannan ai yana cikin abin da ake fara koya wa ɗalibin likitanci game da afendis. Shi kuwa sai ya karanta abin da na farko ya rubuta, ya ɗora a kai, ya ƙara mata allurar kashe zafi. Na ce, "Likita, don Allah ba za a yi mata hoto ko gwajin jini ba?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "In kun san aikin, me ya kawo ku?" Na yi shiru, kuma har gobe ina jin zafin shirun da na yi.

A daren ne ta ce mini, "Yaya, na ji sauƙi." Muka yi ta hamdala. Likitan tiyatar da ya ceto ta ne ya gaya mini daga baya cewa sauƙin nan sau da yawa alamar fashewa ce: abin da ya kumbura yana matsa ya saki, ciwo ya lafa na ɗan lokaci, sannan ƙwayoyin cuta su bi cikin gaba ɗaya. Aikin da ya kamata a ce ƙarami ne, a sallame ta cikin kwana biyu ko uku, ya zama yanka mai tsawo, da roba a gefen ciki tana fitar da mugunya, da kwana goma sha tara a gado. An kuma gargaɗe mu cewa irin wannan kumburi kan bar tabo a ciki, har ya shafi hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Yarinya 'yar shekara ashirin da uku, yanzu da wannan fargaba take kwana.

Na sani gano cuta ba abu ne mai sauƙi ba. A jikin mace, ciwon ƙasan ciki na iya zama ƙari a ƙwai, ko ciki a wajen mahaifa, ko wani abu daban. To ai wannan dalili ne na a ƙara bincike, yaya za a yi ya zama dalilin kin taɓa ta? Kuma abin bai tsaya a kanmu ba. A 2015 cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar da rahoto cewa yawancin mutane za su gamu da kuskuren gano cuta aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ranar kare lafiyar majiyyata ta 17 ga Satumba 2024, batun gano cuta daidai ta sa a gaba. An san matsalar, an yi taruka a kanta. Amma je ka nemi hakkinka ka ga yadda ake mai da kai kamar kai ne mai laifi.

Daga fayil aka fara gasa mana aya a hannu. Na rubuta takardar neman bayanan jinyarta, ta sa hannu da kanta. Wannan ofis ya tura ni wancan, wancan ya ce mai sa hannu ba ya nan, aka ce in dawo, na dawo, aka ce in sake rubutawa. Sai da lauya ya aika wasiƙa sannan fayil ya fito, bayan sati bakwai. Da na buɗe shafin zuwanmu na biyu, sai da hannuna ya yi rawa. An rubuta cewa an duba ciki, yana da laushi, babu ciwo idan an danna. Cikin da ba a taɓa ba! Ina tsaye a ɗakin daga shigarmu har fitarmu. Takardar da nas ta rubuta zafin jikinta kuwa babu ita sam. Yanzu maganata ce da ta ƙanwata a gefe guda, rubutun likita mai hatimi a ɗaya gefen. Wa kuke ganin za a fi saurara?

Lauyan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce kuskure kaɗai ba ya kai mutum ga diyya, sai an nuna sakaci, wato likitan ya yi abin da ƙwararre mai hankali a matsayinsa ba zai yi ba. Ƙasashe da dama da suka gaji dokar Ingila suna bin ma'aunin shari'ar Bolam ta 1957: muddin akwai wasu likitoci masu mutunci da za su ce su ma haka za su yi, to ba a kama shi da sakaci. A 1997, a shari'ar Bolitho, aka ɗan rage kaifin abin, aka ce alƙali na iya watsi da ra'ayin da bai tsaya a kan hankali ba. Duk da haka, ma'anarsa a wurina ɗaya ce: sai na samo wani likita, na biya shi daga aljihuna, ya rubuta cewa abokin sana'arsa ya yi sakaci. Uku muka tuntuɓa. Biyu suka karanta fayil, suka girgiza kai, suka faɗi gaskiya a baki, amma da aka zo maganar rubutawa da sa hannu sai suka janye jiki. Na ukun ne ya amince, Allah ya saka masa da alheri.

Ko an tabbatar da sakacin ma, da sauran rina a kaba. Dole a nuna cewa jinkirin ne ya jawo illar. Lauyoyin asibitin sun riga sun fara cewa wa ya sani, wataƙila ta fashe tun kafin mu koma. Ku ji shari'ar Gregg da aka yanke a Ingila a 2005. Mutum ya je da kumburi a hammata, likita ya ce kitse ne kawai, ashe ciwon daji ne. Aka yi asarar wata tara. Damarsa ta tsira ta sauka daga kashi 42 zuwa kashi 25 cikin ɗari. Kotu ta yarda an yi sakaci, amma alƙalai uku cikin biyar suka hana shi diyyar damar da ya rasa, saboda tun farko damar ba ta kai rabi ba. Ranar da na ji wannan ban yi barci ba. Wato a yi maka sakaci, a yarda an yi, sannan a sallame ka hannu rabbana.

Ga kuma wa'adi. A Ingila shekara uku ne daga faruwar abin ko daga ranar da mutum ya gano, wasu wuraren bai kai haka ba. Kai kana fama da wankin ciwo da sayen magani da bashi, kwanakin shigar da ƙara suna ta tafiya. Masu asibitin kuwa suna da inshora da lauyoyin da aikinsu ke nan, duk wata ɗaya da suka ja riba ce gare su. Mun kai koke wurin hukumar da ke kula da lasisin likitoci, amma ita ladabtarwa take yi, ba ta biyan ko kuɗin auduga.

'Yan uwa na ta cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce, a bar wa Allah. Na yarda da ƙaddara, wallahi na yarda. Amma direban da ya yi barci a kan sitiyari ya kashe mutane, ana ce masa ƙaddara ce a ba shi makulli ya ci gaba da lodi? Idan muka yi shiru, gobe wata yarinyar za ta shiga ɗakin nan a duƙe, ta nuna wurin da yatsa, a sake rubuta mata olsa.

Watan jiya lauyoyin asibitin suka aiko da tayin sulhu. Za su biya wani abu, bisa sharaɗin ba su amsa laifi ba, mu kuma ba za mu ƙara ɗaga maganar ba. Na kai wa ƙanwata takardar domin jikinta ne, ita ke da ta cewa. Ta karanta har ƙarshe, ta ce in miƙo mata kwafin fayil ɗin. Ta daɗe tana kallon layin nan da aka ce an duba cikinta, sannan ta ce, "Yaya, wallahi bai taɓa ni ba. Ya zo ya faɗi wannan a gabana." Washegari na kira Barista na ce ya shigar da ƙarar.