An yanka ba a tambaye mu ba, an rushe ba a tambaye mu ba

Jama'a, ku bar ni in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini rai. Kafin wani ya fara neman launin hulata, maganar nan ta yankan filaye da rusau a Kano ta shafi masu jar hula da waɗanda suka gabace su baki ɗaya.

A unguwarmu akwai wani kududdufi da tun muna yara shi ke shanye ruwan damina. Wata safiya muka tashi muka ga tifa tana juye ƙasa a ciki. Mai unguwa ya ce shi ma ganin tifar ya yi. Kansila ya ce abin daga sama yake. Yau gidaje ne a wurin, ruwan kuma da ya rasa masauki ya dawo tsakar gidajenmu. Har yanzu ban san sunan wanda ya sa hannu ba, balle in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Ku tuna watan Yunin 2023. Kwanaki kaɗan da rantsar da Abba Kabir Yusuf a matsayin gwamnan Kano, katafila ta shiga filin sukuwa, ta bi ta Otal ɗin Daula, sansanin alhazai da shagunan Filin Idi. Hujjar gwamnati ita ce filayen al'umma ne gwamnatin Ganduje ta cefanar. Wasu suka yi guɗa, wasu suka yi kuka, yara suka yi ta jidar rodi da ƙofofi suna cewa ganima. Kotun tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. To daga aljihun wa? Wanda ya yanka bai biya ba, wanda ya rushe bai biya ba. Baitulmalin Kanawa ne ya biya, Kanawan da ba a nemi ra'ayinsu ba ranar yanka, ba a nema ba ranar rusau.

Tushen abin yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda soja suka kafa zamanin Obasanjo, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an sha wuya. Dokar ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ƙaramar hukuma tana da ikon ba da fili ne a wajen birni kawai, kuma gwamna ne ke faɗin inda birni ya tsaya. Kwamitin da zai ba shi shawara kan rabon filaye ma shi ke naɗa shi. Idan aka karɓi gonarka, diyyar shuka da gini za a ba ka, ƙasar kanta ba a lissafa ta. Shi ya sa manomi a Kumbotso ko Ungogo da ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati na tafe, sai ya yi maza ya kira dillali a yi awon igiya. Unguwa ta tashi babu titi, babu kwalbati, babu filin makaranta, ko makabarta ba a ware ba. Bayan shekara goma a zo da jan fenti a ce ba a gina bisa ƙa'ida ba. Ina hukumar tsara birane take lokacin da ake dasa harsashi?

Wani zai ce ai Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu a Yulin 2024. Madalla. Amma a zaɓen 2021 APC ta lashe ƙananan hukumomi 44 kaf, a na 2024 NNPP ta lashe 44 kaf. Ciyaman ɗin da ya san wanda ya ɗora shi, yaushe zai kalli gidan gwamnati ya ce wannan filin ƙwallon yaranmu ne, ba za a taɓa ba?

Ni ban ce kada a gina gidaje ba. Kano ta cika ta batse, kuɗin haya ya fi ƙarfin malamin makaranta. Rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo an yi su da tsari, amma da an zauna da masu neman muhalli tun farko, da sun faɗi irin gidan da aljihunsu zai iya ɗauka.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Kafin a yanka fili ko a sauya masa manufa, a liƙa taswirar a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gidan dagaci, da Hausa, a ba da wata biyu na ƙorafi. A kira taro a mazaɓa, a rubuta abin da mutane suka ce. A wallafa sunan duk wanda aka ba fuloti da abin da ya biya, da sunan jami'in da ya sa hannu. Mazaɓu 484 gare mu a jihar nan, kowace da kansilanta mai karɓar albashi. Namu dai zan je gidansa ranar Asabar da hoton tsakar gidana cike da ruwa, duk ɗan unguwar da ke da irin hoton ya same ni bayan La'asar.