Ku bar mana sabara, ku riƙe bikin dashenku

Ran nan na kunna rediyo sai na ji wani jami'i yana ta murna wai bana ruwa ya fi na bara, don haka itatuwan da suka dasa za su kama, hamada ta kusa ja da baya. Wallahi kashe rediyon na yi. Wai har yau jimillar milimita muke lissafi.

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a Daura ko Maigatari ko Tasawa ya san ba yawan ruwan shekara ake dubawa ba, yadda ya rarrabu ake dubawa. Mamakon da ya zuba cikin awa biyu a kan fako ai ba shiga yake ba, saman ƙasar ya riga ya yi ɓawo, sai dai ya kwarara ya kwashe taki ya bar maka zaizaya, washegari ka tona da yatsa ka tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin taɓon. Yayyafi kuwa rana ce ke shanye abinta kafin azahar. Wanda ke isa ga saiwa shi ne matsakaicin nan da zai zo ya sake dawowa kafin damshin farko ya gudu. Gaskiya ne ruwa ya ɗan dawo bayan farin 1973 da na 1984, amma da wani hali ya dawo, ya zuba kamar da bakin ƙwarya sannan ya ɗauke sati biyu ko uku gero na nannaɗe ganye. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna manyan hadarin nan masu ɓarna sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. To wannan ne ruwan da ake mana albishir da shi.

Yanzu dubi abin da ake dasawa. Ɗan dogon yaro ko turare a baƙar leda, saiwarsa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, a kawo shi damina ta yi nisa, babban baƙo ya zuba masa ruwa da buta a ɗauki hoto a watse. Oktoba na yi ruwa ya ɗauke, ga rani na wata bakwai a gabansa, ga awaki. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin shingen itatuwa daga Senegal zuwa Djibouti, kuma har gobe yawan abin da aka dasa ake faɗa mana a taro, wanda ya rayu bayan bazara biyu sai ka je da ƙafarka ka ƙirga.

Alhali ga sabara da kalgo nan a gonakinmu ba wanda ya dasa su, ba wanda ya taɓa ba su ruwa. Saiwarsu ta nutse mitoci a ƙasa inda damshin daminar bara yake kwance, shi ya sa ruwa ya yi jinkiri ko ya zo a hargitse ba ruwansu. Abin da ya fi burge ni ma, da dare idan ganye ya daina fitar da ruwa, saiwar sabara kan jawo ruwa daga can ƙasa ta sake shi a saman da ya bushe. A Senegal masu bincike sun gwada, suka ba wa saiwar can ƙasa ruwa mai alama, ba a jima ba sai ga shi a jikin geron da ke kusa da ita. Ga ganyen da take zubarwa, ga ƙurar hunturu da take tarewa a gindinta, gara ta shigo ta huda ƙasar, ruwan gaba ya samu hanyar shiga. Je ka duba gindin sabara kwana goma bayan ruwa ka kwatanta da fili. Ban ma zo kan amfaninta wajen maijego ba.

Masu cewa tana cinye ruwan amfanin gona, su leƙa Maradi kafin su sake faɗa. Can ne tun 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da manoma suka fara sassaben zamani, maimakon a tumɓuke kututture a ƙona, sai a bar toho biyu uku masu ƙarfi a sare sauran. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanyar, babu leda babu tankar ruwa. A Tahoua kuma tassa, wato ƙananan ramukan shuka, da ramuka masu siffar rabin wata suke haƙawa a kan fako, don mamakon nan ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu.

Mu kuwa a nan sai a kawo katafila a share daji ƙal, har sabarar da ta shekara talatin tana riƙe da ƙasar, don a samu fili mai kyau na jera dashe a layi. Haba jama'a. Kuɗin rumfa da kujerun bikin nan a ba manoma su kula da tohon da ke gonakinsu, masu hasashen yanayi kuma su riƙa gaya wa kowace ƙaramar hukuma tun kafin shuka kwana nawa ake tsoron ruwa zai ɗauke a tsakiyar damina. Shi kuma jami'in namu ina gayyatarsa ya koma filin dashen nasa a watan Afrilu, da masu ɗaukar hoton.