Jinkirin Kawo Lissafi a Gidan Abincin Faransa Ba Wulaƙanci Ba Ne

Yana damuna yadda ake yawan cewa ma'aikatan gidajen abinci na gargajiya a Faransa suna da girman kai, wai sukan bar baƙo zaune bayan ya gama ci, su ƙi kawo masa takardar lissafi. Wanda ya saba a miƙo masa lissafi da zarar an ɗauke faranti yana da hujjar jin kamar an yi watsi da shi.

Sai dai a can, kawo lissafin da ba a nema ba tamkar ce wa baƙo ne ya tashi ya ba wani wuri, kuma rashin ladabi suke ɗaukar hakan. Cin abinci a wurinsu zaman hira ne mai tafiya daki-daki, daga miya ko salak zuwa nama ko kifi, sannan cuku da kayan zaƙi, al'adar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin al'adun gadon ɗan Adam a 2010.

Idan mutum ya ci abincin dare a birnin Liyon, ma'aikaci zai kwashe farantai, ya tambaya ko ana son kofi, sannan ya ja da baya yana lura daga nesa. Da an ɗaga masa hannu an nemi lissafi, zai kawo. Ladan hidimarsa kuma yana cikin farashin da aka rubuta, kamar yadda wata dokar Faransa ta 1987 ta tanada, don haka ba ya dogara da kyautar baƙi har ya matsu wani ya tashi wani ya zauna.