Yadda aka koya mana "a" da "an", da yadda na tarar da su a Ingila

A firamaren da na yi a Katsina, malaminmu na Turanci ya rubuta a, e, i, o, u a allo, ya ce duk kalmar da ta fara da ɗayansu "an" ake sa mata a gaba, sauran kuwa "a". Muka haddace, muka yi ta tafiya da shi har jarrabawar WAEC. Da wannan doka na iso Birmingham. Watana na biyu a wurin aiki na rubuta "an university" a wani rahoto, sai wata abokiyar aiki ta ja layi a ƙarƙashinsa, ta ce in furta kalmar in saurari kaina. Na furta: "yu". Nan take na gane.

Sauti dokar take bi, babu ruwanta da harafin da aka rubuta. "University" da "European" da sautin "y" suke farawa, don haka "a" suke ɗauka. "Hour" da "honest" ba a furta "h" ɗinsu, sai su ɗauki "an". Ɗan majalisa ma "an MP" ake ce masa, saboda sunan harafin "em" ne. Kalmar "herb" kuwa, Baturen Ingila yana furta "h" ya ce "a herb", yawancin Amurkawa su ce "an herb".

'Yata tana aji biyu a nan. Da sautuka ake fara koya musu karatu, kuma tun 2012 ake yi wa 'yan aji ɗaya a Ingila gwajin sautuka. Ba ta haddace kowace doka ba, amma in na tambaye ta sai ta ce, "Baba, ka faɗa ka ji mana."

Sai dai abin da ya fi damuna ya wuce wannan. Hausa ba ta buƙatar wannan 'yar kalmar ko kaɗan. "Na sayi mota" magana ce cikakkiya. "Ni malami ne" ma haka, shi ya sa bakinmu yake saurin cewa "I am teacher". In abu sananne ne muna da hanyarmu, mu ce "motar", "yaron", wanda ya yi kusa da "the". Da yawa cikin malamanmu sukan fassara "a" da "wani" ko "wata", alhali kowane Bahaushe ya san "ni malami ne" daban, "ni wani malami ne" daban. Asalin "an" a tsohon Turanci kalmar "ɗaya" ce, don haka ba ta zama da abin da Bature ba ya ƙirgawa. Mu muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, sai mu ce "an advice", "an information". Shi kuwa sai ya ce "a piece of advice". Su kansu Turawan kunne ya taɓa rikita su: "apron" da can "napron" ce, aka yi ta cewa "a napron" har "n" ɗin ya koma jikin "a".

Kuma kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Wani ɗan'uwa da ya zo kwanan nan ya gaya wa malamar ɗansa cewa yaron "has few friends", yana nufin ya yi 'yan abokai, alhamdulillahi. Ita kuwa abin da ta ji shi ne yaron kusan ba shi da kowa. Hankalinta ya tashi, ta sa musu ranar ganawa ta musamman. "A few" ya so cewa.

Ra'ayina, malamin Turanci a ƙasar Hausa ya fara wannan darasi da Hausa: ya rubuta "mota", "motar", "wata mota", yara su faɗi bambancinsu da bakinsu, sannan a tsallaka Turanci. Makon jiya ɗan yayana ya turo min hoton littafinsa, na ga a, e, i, o, u ɗin nan a cikin akwati da jan biro. Na yi masa saƙon murya a WhatsApp, na karanto masa "an hour", "a uniform", "an umbrella" a hankali, na ce ya rufe littafin ya maimaita min.