Mu Kiyaye Harshenmu a Gaban Mai Sankarar Huhu

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ranar da likita ya ce wani naka yana da sankarar huhu, jarrabawar ta sauka ne a kan gidan gaba ɗaya, kuma a harshe aka fi faɗuwa.

Wani zai shigo dubiya, bai gama zama ba ya ce, "Ai mun sha gaya masa ya bar tabar nan." Gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ke jawo kusan kashi 85 cikin 100 na wannan ciwo. To sauran fa? Akwai waɗanda ba su taɓa kai sigari baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa, ko gurɓatacciyar iska, ko ƙurar wurin aiki. Wanda ma ya sha ɗin ya fi ka sanin abin da ya yi, da shi yake kwana a rai. Manzon Allah (SAW) idan ya shiga wajen mara lafiya cewa yake, "La ba'asa, ɗahurun in sha Allah," babu komai, tsarkakewa ce in Allah Ya so. Ya kuma sanar da mu cewa ko ƙaya ce ta soki Musulmi, ana kankare masa zunubi da ita. Kai wa ya sa ka ƙirga laifin da Ubangiji yake wankewa?

Sai masu ware masa kofi da kwano don yana tari. Sankara ba tarin fuka ba ce, ba a ɗaukarta. Shi ne ma ya kamata a kare daga gare mu, domin kemo, wato maganin da ake ba shi don kashe ƙwayoyin sankara, yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Mai mura ya yi gaisuwa ta waya. Idan kuwa zazzaɓi ya kama mai sankarar yana cikin karɓar maganin, a kira likita nan take, kada a ce sai da safe.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai shawara. Ya ga gashi ya zube, ga amai, ga kasala, an kawo abinci an mayar ko cokali biyu ba a ci ba, sai ya ja ka gefe: "Wannan maganin ne zai ƙarasa shi, ku bar wa Allah." Annabin da ya koya mana tawakkali shi ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. Tiyata ce, gashin ciwon da na'ura ne, kemo ne, duk sababi ne. Ci gaba ko dakatawa magana ce tsakanin mai ciwon da likitocinsa. Labarin wane da ya yi irinsa ya rasu kuwa, don Allah ka bar shi a bakin ƙofa.

Ka tuna masa sauƙin da aka yi masa: in tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, in zama ya gagara ya yi a kwance. Ka koya masa addu'ar Annabi Ayyuba a Suratul Anbiya, aya ta 83: "Anni massaniyad durru wa Anta arhamur rahimin."

Mai jinyar ma a duba ta. Ita ke tashi duk sanda tari ya tashi, ita ke gyara matashin kai don numfashi ya daidaita, amma kowa "ya mai jiki?" yake tambayarta. Ka ce mata, "Yaya, je ki kwanta, yau ni zan kwana da shi."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.