"Kasuwa ta natsu": wace kasuwa ake nufi?

Mutane da yawa a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, in suka ji rediyo ta ce kasuwa ta natsu, sefa ba ta motsa ba, sai su ɗauka tsadar rayuwa ta kusa wucewa. Kasuwar da ake nufi ita ce ta hannun jari da takardun bashin gwamnati, irin BVMAC da ke Duwala. Babu mai awon gero a cikinta.

Rashin motsin sefa kuwa ba abin murna ba ne, don ɗaure ta aka yi da kuɗin Yuro: tun 1999 Yuro ɗaya sefa 655.957 yake, ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye gonaki.

A dubi man fetur. A Fabrairun 2023 lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, bayan shekara guda ta kai 840. A labarai an fi bayyana shi da rage tallafi don sauƙaƙa wa baitulmali, yadda asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ke so. Shi kuwa ɗan acaba, da ya koma wajen masu sayar da zuwa-zuwa a kwalba, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, sai ya tarar can ma ya yi tsada, tunda Najeriya ta cire nata tallafin a Mayun 2023. Kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, mudu ya bi.

Alƙaluman banki a shirye suke zuwa teburin ɗan jarida a Yawunde, babban birnin ƙasar. Jin abin da uwargida ta rage daga cefane sai an turo mutum arewa, kuma kafafen da ke ɗaukar wannan nauyin ba su da yawa.